Ludayin Manzo

Alhamis, 7 ga Maris 1974, bayan la'asar

Yau dai 'Yan Alhamis mun yi abin da ya fi shan shayi. Shekara shida ke nan muna taruwa gindin gawon ƙofar gidan Manzo, mu goma sha ɗaya, ranar da ba a lakkol, wato makaranta, muna kiran kanmu ƙungiyar taimakon gari. Mun taɓa share maƙabarta, mun yi wa asibiti shinge, sauran kuwa gardama ce. Manzo ne shugaba. Tsohon soja ne, har gobe in ya ce "zauna" sai ka ji gwiwarka ta lanƙwashe da kanta. Ni ne magatakarda, tunda ni ne malamin lakkol, Mushe kamar yadda ake kirana, kuma ba yabon kai ba, duk Filinge babu mai rubutun hannu irin nawa.

Maganar Magagi muka yi, mai ginar rijiya. Rabin ruwan da ake sha a ƙasar Kurfai shi ya tono shi. Yanzu yana zaune. Lokotoron Yamai ya rubuta sunan ciwon da Faransanci, ni na karanta wa iyalinsa takardar. Jijiyoyin da ke sa jiki motsi ne ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Hankali garau, ido na gani, amma hannu ya ƙi, ƙafa ta ƙi, daga baya harshe da maƙogwaro. Ba magani. Jar dawar nan ta taimako da ake rabawa tana shaƙe shi, sai kunun gero mai laushi yake iya haɗiyewa, gero kuwa bana sai wane da wane. Yana kuma bukatar kujera mai taya.

Manzo ya ce, "Kuɗɗi babu, kowa ya sani. Amma duk gidan da anka aza tukunya akwai cikin hannu guda. Kahin a daka, a ɗebe shi. Mu ka hwara zuba namu ran Alhamis, gaban juna, sannan mu roƙi gari."

Ya sa na rubuta a kan shafin farko na rajista: "Domin Magagi, da duk mai irin ciwonsa." Na ce ai lokotoro ya ce da wuya a ga na biyu a ƙasa guda. Ya ce, "Ba lokotoro ka rabo ba. Rubuta dai, Mushe." Na rubuta, na ja layi a ƙasa da jan biro. Ya yi kyau.

Lahadi, 10 ga Maris, da yamma

Ranar kasuwa. Fati mai fura, mace ɗaya tilo a ƙungiyarmu, ba ta jira Alhamis ba, ta bar ɗiyarta kan ƙwaryar sana'a ta ɗauki wata ta bi rumfa rumfa. Ta rufe ta da faifai, mai zubawa sai ya ɗaga gefe kaɗan, ba mai ganin ko ka cika hannu ko yatsa uku ka sa. Ni da nake taƙama da karatu wannan dabara ba ta zo mini ba.

Wata Buzuwa daga cikin mutanen da suka sauka bayan gari, waɗanda bisashensu suka ƙare, ta kwance bakin zanenta ta zuba. Fati ta riƙe mata hannu ta ce ta bari, ta fi kowa bukata. Matar ta ce ruwan ƙarshe da awakinta suka sha kafin su mutu a rijiyar hanyar Bonkuku ne, an ce mata shi ya gina ta. Fati ta sake ta.

Mutanen garin nan suna ba ni haushi kwana shida, ran na bakwai su sa ni ƙwalla.

Talata, 12 ga Maris, da azahar

Alli ya faɗi sau biyu a aji. Allin bana ba shi da kyau.

Alhamis, 14 ga Maris, da magariba

Kafin taro mun je gaida Magagi, ni da Manzo. Yana jingine da bango, hannuwansa ajiye kan cinya. Matarsa Haske tana ba shi kunu, kurɓa ɗaya sai a jira. Maganarsa ta fara nauyi, amma in ka kasa kunne kana ganewa. Har yanzu yana da ba'a. Ya ce da Manzo ko ya zo ɗaukarsa aikin soja ne.

Na tambaye shi yadda abin ya fara. Ya nuna da haɓa tsakanin babban yatsa da manuni. "Nan yah hwara, Mushe. Naman shina rawa shi kaɗai, awa jikin doki in ƙuda ya sauka. Sannan wurin ya yi rami. Ran nan igiya tak kuɓuce mani da mutum cikin rijiya. Allah ya sa gaba ukku na, bai ji ciwo ba."

Na ce wata nawa tsakanin rawar naman da kuɓucewar igiya? Don rajista na tambaya. Ya daɗe yana dubana, sannan ya ce huɗu. Da za mu tashi na miƙa masa hannu, na manta ba ya iya kamawa. Ya dai tsaya yana kallon hannun nawa har na mayar da shi aljihu.

A gindin gawo kowa ya kwance ƙullinsa ya damƙa ya zuba a ƙwarya. Da aka zo kaina rabi ya zube a ƙasa. Na ce geron ne ya bushe da yawa, yana santsi. Manzo ya ɗaga kai yana kallon sama kamar yana neman hadari a watan Maris. Fati ta durƙusa ta tsince shi ƙwaya ƙwaya.

Juma'a, 15 ga Maris, da safe

Disamba, Janairu, Fabrairu, Maris.

Litinin, 18 ga Maris, bayan azahar

Na ce wa Hajara daga yau da cokali zan riƙa cin tuwo, kamar ma'aikatan Yamai. Shekara goma sha huɗu da aurenmu ba ta taɓa barin magana ta wuce ta ba. Yau ta kawo cokalin kawai.

Ta kuma kwashe rigunana masu maɓalli ta zuba a akwati, ta fito da jamfofi. Ta ce zafi ya shigo.

Alhamis, 21 ga Maris, bayan la'asar

Manzo ya tsufa, wallahi. Yau ya zaro wani ɗan ludayi daga aljihu, tsoho, ya tsage an ɗinke, ya ɗaga shi kamar tuta.

"Sabuwar doka. Daga yau ba mai zubawa da hannu. Hannun Hamani awa shebur, in ya zuba, na kusa da shi kunya ka kama shi. Ga mudun kowa."

Hamani mai gyaran keke, Bazabarmen da ko limami ya yi masa ba'a sai ya rama, ya dubi tafin hannunsa ya ce, "To." Shi ke nan, to. Na ce ko ba shi da lafiya ne.

Ni kaɗai na yi gardama. Na ce sunan abin cikin hannu, haka aka faɗa wa gari, haka yake a rajista, ni kuwa tunda nake ban taɓa soke layi a rajista ba. Manzo ya ce, "Kak ka soke komi. Zuba." An ɗaure wa mariƙin ludayin wata igiya mai zobe, wai don a riƙa rataye shi. In ka zura yatsu a zoben sai ludayin ya zauna da kansa, ba sai ka damƙa ba. Ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗi ba.

Duk da haka doka ce ta banza, kuma na faɗa masa.

Asabar, 23 ga Maris, da hantsi

Ba alli ba ne.

Alhamis, 28 ga Maris, da magariba

Mun kai wa Magagi abin da ya taru. Ya dubi buhun, ya dubi Haske, ya ce a mayar. Sai da ya faɗa sau uku kafin Hamani ya gane.

"Ban cin sadaka. Ubana bai ci ba. Ku kai ma mutanen bayan gari."

Manzo ya yi lallashi, ya yi faɗa irin na soja, a banza. Sai Fati ta gyara zama. Ba ta ce masa uffan kan sadaka ba. Ta fara lissafa rijiyoyi: ta bakin kasuwa, ta unguwar maƙera, ta bayan lakkol, guda biyu na hanyar Bonkuku, ta kira har da waɗanda shi kansa ya manta. Ta ba shi labarin Buzuwar nan. Sannan ta ce, "Baba Magagi, kai ka taɓa tambayarmu kahin ka ba mu ruwa? To mu ma ba tambayarka muka yi ba. Haske, aza ruwan kunu."

Ya rufe ido, hawaye ya gangaro, ba hannun sharewa. Haske ta share masa da gefen gyalenta. Buhun dai ya kwana a gidan.

A hanya na ce wa Manzo in ni ne, ko Fati ta lissafa taurari ba zan karɓa ba. Ya ce, "Na sani, Mushe." Ban ji daɗin yadda ya faɗe ta ba.

Talata, 2 ga Afrilu, da azahar

Takarda ta zo. Sufeton makarantu zai zo ran Laraba, 17 ga wata. Shi mutumin nan abin da ya fi so shi ne ya zauna bayan aji ya ce, "Rubuta mana darasin a babban allo." In ya gani zai rubuta. In ya rubuta sai Yamai, sai takarda irin wadda na karanta wa Haske. Daga nan wani ya karɓi ajina, mu fita daga gidan lakkol, ni da Hajara da yara huɗu, a shekara irin wannan. Sannan a bi kasuwa da ƙwarya a ce domin Mushe Isufu.

Gara komai da wannan na ƙarshen.

Alhamis, 4 ga Afrilu, da la'asar

Hamani ya zo taro a ƙafa, daga can ƙarshen gari, cikin wannan rana. Ashe tayoyin kekensa ya cire don kujerar Magagi. Keken da yake gogewa safe da yamma, wanda ko matarsa ba ta isa ta jingina tabarma a jikinsa ba. Muka ce ina keke? Ya ce ya ƙoshi da hawa, ƙafafunsa sun yi ƙorafi an manta da su.

Na zuba nawa da ludayi. Na daina gardamar.

Lahadi, 7 ga Afrilu, da safe

Ina koyon rubutu da hagu a bayan tsohon kaye, littafin rubutun 'yan aji. Da ɗalibina ne ya kawo mini wannan da na tsayar da shi a rana.

Laraba, 10 ga Afrilu, bayan azahar

Wannan shafin minti arba'in ya ci. Da can biyar ne.

Litinin, 15 ga Afrilu, da hantsi

Tun safe rediyo ba ya komai sai kiɗan soja. An ce abubuwa sun sauya a Yamai. Mutane sun yi cirko-cirko a bakin hanya, kowa da nasa labarin. Motocin kasuwa ba su tashi ba.

Allah ya yafe mini. Abin da ya fara zo mini a rai shi ne sufeto ba zai zo jibi ba.

Laraba, 17 ga Afrilu, da azahar

Bai zo ba.

Alhamis, 18 ga Afrilu, bayan la'asar

Na zata ba za a yi taro ba, tunda an ce kada a riƙa taruwa. Sai na tarar da Manzo gindin gawo ya sa tsofaffin lambobinsa na soja a ƙirji. Ya ce duk wanda ya zo korarmu sai ya fara sara masa. Ba wanda ya zo. Fati ta ce a unguwar maƙera wasu gidaje sau ɗaya suke aza tukunya a yini, amma ba gidan da ya rufe mata ƙofa. Wata tsohuwa ta ce ba ta da gero, ta ba da itace biyu na hura wutar kunu.

Ina kallonsu ina tunani, a Yamai ana ta neman wanda zai riƙe ƙasa, ga su nan zaune kan tabarmar kaba.

An gama taro Manzo ya ce rajista ta yi nauyi, a bar ta gidansa, ba sai na riƙa jigila da ita ba. Kaye ne mai shafi ɗari. Na bar ta.

Talata, 23 ga Afrilu, da safe

Na hagu ma ya fara rawa. Nan dai, wuri guda.

Lahadi, 28 ga Afrilu, da magariba

Zan rubuta wannan ko zai kai ni gobe.

Kujera ta gamu. Hamani ya yi ta da ƙarfen tsohon gado, ya saƙa mazaunin da igiyar kaba, ya bar ƙararrawar kekensa a hannun turawa. Yau muka fito da Magagi, karo na farko cikin wata biyar. Manzo ya raba aiki: Hamani ya tura, Fati ta riƙe laima. Ni ya ce in tsaya gefensa in riƙa faɗa wa mutane abin da ya ce, wai ni na saba da maganar 'yan aji ɗaya. Na dai ji sanyi da ba turawa aka ba ni ba.

Kasuwa ta tashi tsaye. Masu nama suka bar wuƙa, mata suna guɗa, Hamani yana ta buga ƙararrawa kamar ango. Magagi ya ce a kai shi rijiyar bakin kasuwa, ita ya fara ginawa. Can ya ce su ja baya kaɗan, yana son ya ji ƙarar guga. Aka bar mu mu biyu.

Ya ce wani abu ban ji ba. Na sunkuya.

"Ludayin. Ya yi maka daidai?"

Na ce wane ludayi?

"Nawa na. Da shi nika shan kunu, kahin hannun shi ƙi duka. Ni naɗ ɗaure igiyar, da haƙori." Ya huta ya haɗiyi yawu. "Rad da kaz zaka, na ga hannunka. Ni nac ce ma Manzo. Nac ce kak ku yi mishi magana, Mushe na, girman kai gare shi awa ni. Ku dai ba shi wanga."

Na miƙe tsaye. Na ji kunya, na ji haushi, har na so in juya in bar shi nan. Mako shida ke nan! Shebur ɗin Hamani, nauyin rajista, "faɗa wa mutane abin da ya ce." Mutum goma suna zuba gero da ludayi kamar yara, suna shan gardamata, ba wanda ko a ido ya nuna mini. Na waiwaya. Suna can inuwa, Manzo ya ɗaga kai yana kallon sama.

Magagi ya ce, "Mushe. Ƙuda."

Ƙuda ne ya sauka a gefen idonsa. Na kore masa shi da bayan hannu. Ya ce, "Ka gani, shina aiki tukuna."

Nan na yi kuka, a bakin kasuwa, ran Lahadi, gaban iyayen ɗalibaina.

Litinin, 29 ga Afrilu, da la'asar

Na faɗa wa Hajara. Ta ce tun Janairu ta sani, ranar da na kasa murɗa makullin akwati na ce tsatsa ce. Ta ce kullum tana zuba nata cikin hannun a ƙwaryar Fati, sannan ta ƙara wani, ba ta faɗa wa Fati ko na wane ne ba. Na ce don me ba ta yi magana ba? Ta ce, "Kai ka bari a yi maka magana?"

In motoci sun tashi ran Asabar za mu tafi Yamai wurin lokotoro, da ƙafata, kafin sufeto ya tura ni. Ina jin tsoro. Na rubuta shi ke nan, ina jin tsoro.

Alhamis, 2 ga Mayu, bayan la'asar

Duk sun zo, goma. An sha shayi na farko, na ce Manzo ya ba ni rajista. Na buɗe shafin farko na karanta musu layin da na ja wa jan biro, har ƙarshensa. Ƙarƙashinsa akwai sunan Magagi, da rubutuna na watan Maris, mai kyan nan.

Na ɗauki biro da dama ya zame. Na mayar hagu. Sunana haruffa biyar ne kawai, amma sai da shayi na biyu ya huce. Ba wanda ya ce kawo in rubuta maka. Ba kuma wanda ya kalli sama, duk ni suke kallo. Da na gama Hamani ya leƙo ya ce, "Kai, Mushe, ko ni da ban yi lakkol ba na hi wanga." Aka yi dariya, har da ni. Fati tana yi tana share ido.

Ta turo ƙwarya tsakiya, kowa ya kwance ƙullinsa. Ni na ja baya, na ce ai yanzu na koma wancan gefen shafi.

Manzo ya ciro ludayin daga reshen da yake rataye. Ya kama hannuna, ya zura mini yatsu a cikin zoben da kansa, ɗaya bayan ɗaya.

"Wa yac ce maka? Magagi ma ya ba da nashi, ga shi hannunka. Zuba, Mushe, mutane na jira."

Na zuba.